Kuɗin Diyyar Ƙwaya: Mun Kashe Ba Mu Ji Ta Bakin Masu Ciwon Ba

Duk kuɗin da aka biya saboda an cuci mutane yana da masu shi, ko da ba a rubuta sunayensu a takarda ba. Ban gane haka ba sai da na sa hannu aka kashe irin wannan kuɗi a Jibiya, aka kashe shi tas, bai tsinana wa ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka cuta komai ba. Ba mu ci ko kwabo ba, lissafinmu ya fita daidai, jama'a suka yi ta sa mana albarka. Duk da haka mun ci amana, domin mun yanke wa marasa lafiya da iyayensu shawara ba tare da mun tambaye su ba. Ina ba da labarin ne saboda duk wanda za a damƙa wa irin wannan amana wata rana, daga kwamitin unguwa har gwamnati. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wanda bai zauna a bakin iyaka ba, da wuya ya gane yadda ƙwaya ta samu gindin zama a wurinmu. Jibiya gari ne da abincinsa yake kan hanya. Daga Katsina a zo Magama, a tsallaka Ɗan Isa, a miƙe Maraɗi. Matashi in ba ya gona ko kiwo, to yana kan babur, ko yana dako, ko yana lodin mota. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Tamu ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022, kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙame ta har zuwa Maris ɗin 2024. Rufewar ba ta hana kaya wucewa ba. Ta dai mayar da su daji, ta mayar da sana'ar ta dare. Yaron da zai ɗaura buhunan shinkafa a babur ya yi ta keta rairayi har asuba, wani zai miƙo masa ƙwaya ya ce, "Kora wannan, ba za ka ji gajiya ba." Ga 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka, gari ya cika da mutanen da suka baro gonakinsu, ba aikin yi, ba kwanciyar hankali.

Kafin nan maganin tari mai kodin ne yake tashe. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalba miliyan 3 ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan yadda maganin tarin ke fita daga kamfanoni ta bayan fage, ranar 1 ga Mayu gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi, NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni 3 na wani lokaci. Kwalba ta yi tsada, sai aka raja'a kan tiramol. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, na kasuwa kuwa har 225 ake samu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya. Miliyan 4.6 daga ciki suna shan magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Waɗannan alƙaluma na san su tun lokacin, har na karanta su a gaban jama'a. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke faruwa a ɗakin uwar da ɗanta yake ciki.

A tsakiyar rufe iyaka na farko aka kama wani mai kemis a yankinmu yana sayar wa yara ƙwaya ta ƙofar baya. Hukuma ta tafi da shi, shari'arsa ta bi hanyarta. Bayan haka danginsa da abokan sana'arsa suka zo neman sulhu da mutanen unguwa, suka kawo kuɗi suka ce a gyara ɓarnar da aka yi. Wasu masu hali suka ƙara nasu. Kuɗin bai kai a gina asibiti ba, amma ya isa a yi wa matasa da dama magani. Aka kafa kwamiti: dattijai, malamai, 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikata, ni kuma aka ba ni sakatare saboda ni ne mai biro. Babu mace a cikinmu. Babu ma'aikacin lafiya. Babu wanda ya taɓa sha ya daina, kuma da wani ya kawo shawarar a gayyato irinsu, da mun ce ya raina zaman.

A zama ɗaya muka gama magana. Za a yi gagarumin taron wayar da kai, a sayi tocila da takalma ga 'yan sintiri, a kuma gyara wani ɗaki a sa masa ƙofar ƙarfe don tsare yaran da aka kama a buge. Ni na kawo shawarar taron, ni na tsara shi, kuma na yi ta kare shi da cewa rigakafi ya fi magani.

Ana saura kwanaki a yi taron, bayan sallar isha'i, yaro ya shigo ya ce ana sallama da ni. Na fita na tarar da wata dattijuwa a bakin zaure, ta ja mayafinta har goshi, ba ta yarda ta shigo cikin haske ba. Na san ta, na san ɗanta, ɗan acaɓa ne da ke jigilar dare. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, an ce kuɗin nan na yaranmu ne. Ni ba riga nake so ba. A taimaka mini da kuɗin mota da na magani in kai shi asibiti likita ya gan shi. Ya ce yana son ya bari, amma in ya kwana bai sha ba, jikinsa rawa yake kamar mai masassara."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Kuɗin al'umma ne, ba na mutum ɗaya ba. In muka ba ki yau, gobe kowa zai zo."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malam, su wane ne al'ummar in ba mu ba?"

Ban ba ta amsa ba. Na sa hannu a aljihu na ba ta abin da bai taka kara ya karya ba, ta yi godiya ta tafi. Ko a zaman kwamiti na gaba ban ɗauko maganarta ba. Wannan shi ne laifina, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Taro ya yi armashi. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an ɗaure lasifika a kan sanda, an raba riguna da huluna masu rubutun gargaɗi. Manyan baƙi suka cika sahun gaba, aka yi wa'azi mai ratsa jiki, 'yan makaranta suka yi wasan kwaikwayo, aka ɗauki hotuna aka watsa a Facebook. Waɗanda aka yi taron dominsu kuwa suna can nesa a gindin bishiya kan baburansu, ba wanda ya ce su matso, su ma ba su ga fuskar matsowa ba, tunda tun safe ake kiransu ɓata-gari a lasifika. 'Yan sintiri suka kore su daga kangon da suke taruwa, suka koma bayan gari inda ba idon kowa. Dila ya sauya wuri, ciniki ya ci gaba. Ɗakin mai ƙofar ƙarfe kuma ranar da aka fara kulle yaro a ciki, cikin dare ya kama amai da gumi yana buga kansa da bango, ba wanda ya san abin da zai yi masa a cikinmu. Da gari ya waye muka miƙa shi ga iyayensa, tsoro ya kama kowa.

Dattijuwar nan ta sayar da akuyarta da 'yan kwanoninta ta kai ɗanta gidan mari, domin shi ne abin da ƙarfinta ya kai, duk da irin abin da 'yan sanda suka bankaɗo a irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura da cikin Katsina a 2019. Ya dawo da tabon ƙarfe a idon sawunsa, ya rame, ba ya son magana. Bai daɗe ba ya koma wa babur, ya koma wa ƙwaya. Wata rana farfaɗiya ta buge shi yana tsakiyar gudu, ya faɗi, bai tashi ba. Na yi imani ajali in ya zo ba ya jinkiri. Amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma sababin yana hannuna a daren da uwarsa ta tsaya a ƙofar zaurena.

Bayan an share makoki na je tasha na zauna da abokansa. Da farko sun ɗauka leƙen asiri na zo, sai da na yi ta komawa kafin suka saki jiki. Abin da na ji a bakinsu ya nuna mini cewa kwamitinmu bai san ciwon da ya ce zai magance ba. Wani ya ce, "Kawu, ba wanda ya fi mu sanin ƙwaya ba ta da kyau. Mu muke binne abokanmu. Yadda za mu bari ne ba mu sani ba." Suka bayyana mini cewa tiramol in ya kama jiki, ranar da ka daina gaɓoɓi za su yi ta ciwo, ga zawo, ga rashin barci, ga baƙin ciki mara dalili, har sai ka nemo shi ko don ka iya tsayuwa. Daga baya wani ma'aikacin jinya ya tabbatar mini da haka, ya ƙara da cewa yawan shansa na jawo farfaɗiya, kuma wanda aka tsare ya daina na wani lokaci, in ya fito ya sha adadin da ya saba, ya fi kowa shiga haɗari, saboda jikinsa ya riga ya saki. Ashe ɗakin da muka kashe wa kuɗi tarko ne muka gina.

Sun gaya mini suna tsoron zuwa asibiti kada a miƙa su ga hukuma. Sun ce kusan kowannensu dila na binsa bashi, kuma bashin ne ke mayar da shi. Sun ce wanda ya daure ya bari, ba mai ɗaukarsa aiki, ba mai ba shi 'ya, sai ya ga gara ya koma inda ake karɓarsa. Matata kuma, da na ba ta labari, ta ce ai akwai matan aure da 'yan mata da ke sha a cikin gidaje, a zuba a lemo a sha ba wanda ya sani, kuma duk matan unguwa sun san su. A gidana wannan sani yake, ban taɓa tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa mun hau gyaran rufi daga waje.

Da na shiga bibiyar yadda wasu suka yi da irin wannan kuɗi, sai na ga kuskurenmu tsoho ne, kuma manya ma sun afka cikinsa. A Amurka, a 1998, kamfanonin taba suka yi sulhu da jihohi 46 kan za su biya dala biliyan 206 cikin shekara 25. Ba a gindaya sharaɗin yadda za a kashe ba, sai akasarin kuɗin ya tafi cike giɓin kasafi da wasu ayyuka, ɗan ƙalilan ne ya je wajen raba mutane da sigari. Daga baya annobar magungunan kashe zafi ta taso musu, tun daga OxyContin da kamfanin Purdue ya fitar a 1996, har ta kai a 2022 kaɗai sama da mutum 100,000 suka mutu ta shan ƙwaya fiye da kima. Jihohi da ƙananan hukumomi suka maka kamfanoni a kotu. A 2021 aka sanar da sulhun dala biliyan 26 da Johnson & Johnson da manyan dillalan magani 3, sauran sulhu suka biyo baya har jimillar ta haura biliyan 50. A wannan karon sun ɗauki darasi, suka rubuta cewa aƙalla kashi 85 cikin 100 sai a kan magance annobar za a kashe shi. Jihohi da dama suka kafa majalisun shawara, wasu suka ware kujeru ga waɗanda suka warke da iyayen da suka rasa 'ya'ya. Duk da haka 'yan jarida sun gano wuraren da aka sayi motocin 'yan sanda da kayan gidan yari da kuɗin, iyalan mamata suna kuka ba a ji ta bakinsu ba. Tocila da ƙofar ƙarfe ke nan, sai dai nasu da dala aka saya.

Ba sai mun tsallaka teku ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya shafi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, kamfanin kuma ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a 2011 iyalai 4 na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta da doguwar taƙaddama, shekara 15 da faruwar abin. Kason ayyukan lafiya kuma aka gina katafariyar cibiya da shi a Kwanar Dawaki, ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata, har a 2020 aka mayar da ita wurin killace masu korona. Da an zauna da iyayen yaran da suka kurumce ko suka shanye, ina da yaƙinin za su fara ambaton makaranta da na'urar ji da kuɗin magani kafin su ambaci gini.

Akwai kuma misalin da ke ba da ƙwarin gwiwa. Lokacin da Suwizalan ta dawo da dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha a 2017, an ƙulla tun farko cewa talakawa za a raba wa, naira 5,000 a wata ga kowane gida, Bankin Duniya na sa ido, ƙungiyoyin farar hula ƙarƙashin ANEEJ suna bin sawu har ƙauyuka. An samu kurakurai, amma an san inda kuɗin ya nufa, kuma akwai wanda za a tambaya. Abin da ya jawo haka shi ne an rubuta ƙa'ida kafin kuɗi ya iso.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, tunda ba kamfanin da ya biya Najeriya diyyar tiramol. Gaskiya ne, amma hanyoyin kuɗin a buɗe suke. A Fabrairun 2025 BBC ta bankaɗo wani kamfani a Mumbai, Aveo, da ke haɗa ƙwayoyi irin su Tafrodol yana turo su Afirka ta Yamma, har gwamnatin Indiya ta haramta haɗin. Hujjar kai ƙara ba ta fi wannan ba, ga duk gwamnatin da ta damu da 'ya'yanta. Sannan tun 2022 akwai dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, a ƙarƙashin Janar Buba Marwa tun 2021, tana ƙwace gidaje da motocin dillalai ta hannun kotu ana gwanjonsu. Wannan dukiya daga aljihun yaran tasha da hawayen iyayensu aka tara ta. Ya kamata wani kaso sananne ya dawo garuruwan da aka tatsa, a matsayin magani. Daga Jibiya, mai neman asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya sai ya nufi irin su Kware ta Sakkwato ko Barnawa ta Kaduna. Wace uwa mai sayar da ƙosai ce za ta iya wannan tafiya?

Da za a maimaita, ga abin da zan tsaya a kai. Kafin a taɓa ko sisi, a saurari masu ciwon a inda za su iya magana: matasa a tasha da majalisarsu, ba tare da ɗan sanda ko ɗan sintiri a wurin ba, mata kuma a cikin gida ko makarantar Islamiyya, mace ta jagoranci zaman. A ba wanda ya sha ya daina, da uwar mai sha, da ma'aikacin lafiya kujera a kwamiti, kujera mai ƙuri'a, ba ta shaida ba. A rubuta tun farko cewa kaso mafi tsoka na magani ne, da kuɗin mota zuwa asibiti, da jari ko koyon sana'a ga wanda ya warke. Tsaro da kama dila aikin hukuma ne, yana da kasafinsa, kada a ɗora shi a kan kuɗin marasa lafiya. A liƙa lissafi a ƙofar mai unguwa, a karanta shi bayan sallar Juma'a. In an zo auna nasara, a ƙirga mutanen da suka ga likita da waɗanda suka koma sana'a, a bar ƙirga kujerun da aka cika. Jihar Katsina na da mazaɓu 361, Jibiya na da 11, ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai. Hanyar jin ta bakin jama'a ba ta ɓace mana ba, sauraron waɗanda muke jin kunyar zama da su ne ke yi mana nauyi.

Na je na nemi gafarar dattijuwar nan, ta ce ta yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Yafiyarta ba ta sauke mini nauyin faɗa wa wasu ba. Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, da masu sarauta, da malamai, da duk wanda aka ba biro a kwamiti: in kuɗin diyya ko na taimako ya zo hannunku saboda masu shaye-shaye, kada ku zauna ku kaɗai. Ku aika a kira su, su da iyayensu mata, ku ba su wurin zama, ku yi shiru su gama magana, sannan a buɗe jaka. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana.